Ƙofar da Ke Ɓacewa a Tashar Alhaji Mahmudu

Ranar Talata da tsakar rana, ana gab da Babbar Sallah, duka gishe-gishen, wato tagogin sayar da tikiti, na tashar motocin Alhaji Mahmudu da ke Garwa suka tsaya cak. Wuta ba ta ɗauke ba. Fankoki na juyawa, kwamfutoci na kunne, amma duk wanda ya danna don fitar da tikiti sai na'urar ta yi masa shiru. Ba karo na farko ba ne, ba kuma na biyu ba.

A tashar mota ba a jiran alƙali. Kafin Ilyasu mai kula da kwamfutocin tashar ya fito daga ofishinsa, masu lodi da direbobi da mai shayin bakin ƙofa sun riga sun yanke hukunci: Yvette ce. Ita ce injiniyar da aka ɗauko daga Ngaundere ta rubuta sabuwar manhajar tikiti, aka ba ta ɗaki mai sanyi a garin da zafi ke narka takalmi. Kuma duk ranar da abin ya faru, sai a same ta a tsallaken titi tana cin abinci da Maurice, shugaban lodi na tashar da ke gasa da ta Alhaji. Me kuma ake nema?

Ilyasu, ɗan ƙanen Alhaji, ya ratsa taron yana tafiyar ƙasaita. Ya shiga ɗakin sabar, babbar kwamfutar da duk gishe ke aiki da ita, ya danna sau ɗaya, tsohuwar manhajarsa da aka yi wa ritaya ta tashi, tikiti ya ci gaba da fita. Har tafi aka yi masa.

Da yamma Alhaji ya kira Yvette a gaban mutane.

"Juma'a," ya ce. "In ba a wanke ki kafin Juma'a ba, ki tattara naki. Kuma zan kai sunanki wajen jandarma, in faɗa wa duk mai mota daga nan har Kusuri abin da kika yi mini."

Wadda ta yi magana ita ce Madam Agnès, shugabar gishe, matar da ta sayar da tikitin motar Alhaji ta farko tun yana da guda ɗaya.

"Patron, maigida, yarinyar nan a ɗakina take kwana. Ni na kawo ta. In ita ɓarauniya ce, to ni ma ita ce."

Wannan maganar ce ta sa Alhaji ya ɗaga waya ya kira wata mata a garin Marwa.

*

Hawa'u Mai Sawu ta iso Laraba da hantsi, da jaka ɗaya da ƙaramar kwamfuta. A unguwar Domayo ta Marwa take zaune, aikinta gyaran na'urorin ofisoshi, amma sunan gado ta yi. Mahaifinta, marigayi Hamadu na Mayo-Ulo, shi ake kira ya bi sawu in ɓarayi sun kora shanu sun tsallaka iyaka da su. Ta taso tana binsa a baya, ta kuma ɗauko halinsa guda da ke ba mutane haushi: ba ta saurin yarda da abin da kowa ya yarda da shi.

"'Yar Hamadu, jam na?" in ji Alhaji, yana gaishe ta da Fulatanci.

"Jam, Baba Alhaji. Wa ke da makullin shiga sabar?"

"Kowa."

"Kowa?"

"Suna ɗaya muke shiga da shi, nawa. Lambar sirrin ma kowa ya sani. Gidan amana ne nan."

Hawa'u ta dube shi, ta haɗiye abin da ya zo bakinta. Ma'ana dai an bar garke a buɗe, kuma duk wanda ya shiga takalmin maigida ya sa. A gefen teburinsa akwai kwamfuta da aka lulluɓe da tsohon rawani, an ɗora mata butar shayi.

"Kana amfani da waccan?"

"Ni? Tun da aka kawo ta ban taɓa kunna ta ba. Ta ado ce kawai."

Ta roƙe shi abu ɗaya, a mayar da manhajar Yvette bakin aiki har zuwa Juma'a. Ya sha mur, amma ya yarda.

*

Ɗakin sabar ɗan ƙarami ne, sanyinsa har cikin ƙashi. Yvette na zaune da idanu jajaye. Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana cike giɓi da Faransanci da Fulatanci.

"Manhajata ba ta mutuwa, Madam Hawa'u. Duk lokacin da na dawo, tana nan da ranta, tana jira. Ƙofarta ce ake gogewa."

Ta nuna mata. Duk abin da gishe ya aika, kafin ya kai ga manhajar da ke raba kujeru, sai ya bi ta wata 'yar ƙofa a cikin sabar da ake kira soket. Ƙofar suna gare ta da wurin zama, kamar kowane fayil. In aka goge sunan, manhajar na nan a ciki tana saurare, gishe kuma na waje yana ƙwanƙwasa bango.

"Tsohuwar manhajar Ilyasu fa, ta wace ƙofa take ji?"

"Wannan ɗin dai. Suna ɗaya, wuri ɗaya. Ban canza ba don kada a sake saita kowane gishe."

"Kin taɓa karanta tasa?"

Yvette ta yi wata dariya mara daɗi. "Ya ce in na taɓa ta sai ya karya mini hannu. Ni ma ban ba shi tawa ba. Shi ke gogewa, Madam. Kullum shi ake tafa wa."

"Maurice fa?"

"Zai aure ni a watan Disamba. Laifi ne in ci abinci da shi?"

Hawa'u ta lura da yadda ta faɗi kalmar tafi. Yarinyar da ake shirin kora, amma abin da ke ci mata rai shi ne tafin da aka yi wa wani. Tashar nan, ta ce a ranta, ko ina ka taka ƙyashi ne.

*

Ilyasu ya karɓe ta a tsohon ofishinsa, wanda fankarsa ke ƙara fiye da iskar da take bayarwa. Bai ɓoye komai ba, shi ma bai iya ba.

"Ina jin haushinta, ƙwarai kuwa. Shekara da shekaru manhajata na aiki ba ta taɓa kunyata Baffa ba. Rana ɗaya aka kawo yarinya da takardar jami'a, aka ba ta na'urar sanyi, ni aka bar ni da wannan." Ya nuna fankar da haɓa. "Duk ranar da tata ta faɗi, wallahi abincina ya fi daɗi. Amma ban taɓa mata komai ba."

"Kowa zai faɗi haka."

"To tambayi kowa. Ranar da ta faɗi a makon jiya ina Tibati wajen jana'izar surukina. A waya aka same ni."

"Wa ya tayar da taka ranar?"

"Madam Agnès. Na ce mata ta danna koren maɓallin da ke fuskar kwamfutarta, ta danna, ta tashi. Tun da can na sa mata shi, don in na makara da safe ta kunna da kanta."

"A ina da ina maɓallin yake?"

"Ɗakin sabar, kwamfutar Baffa, sai gishe na ɗaya." Ya gyara zama, fuskarsa ta saki. "Dannawa ɗaya, Malama. Tawa ba ta gardama. Kuma tarbiyya gare ta: in za ta tashi aiki, sai ta share wurin zamanta tas, ba ta barin datti a sabar. Haka na koya mata."

"Ina so in karanta ta."

Nan take fuskar ta sake rufewa. Sai da Alhaji ya sa baki ta waya sannan ya kwafa mata, yana miƙa mata kamar ana karɓar ɗansa.

*

Maurice ta same shi a tsallaken titi a kan rufin mota, yana ɗaure ragon layya da igiya. Ya sauko yana share gumi, ya riga ya san abin da ya kawo ta.

"Sun ce mu muke biyan Yvette ta kashe musu na'ura. Bon. Madam, ki tambaye ni fasinja nawa muka samu a duk ranakun nan."

"Nawa?"

"Ko ɗaya. Ni da nake kallo daga nan na fi su sanin abin. Ba ya faruwa sai ana dab da buɗe sayar da tikitin babbar motar Ngaundere, mai kai mutane jirgin ƙasa. Kafin a fara, ba bayan an fara ba. Mutane na kan layi, ba wanda ya riga ya biya, ba wanda ya rasa kujera. Ilyasu ya zo ya danna, shi ke nan. In ni zan yi musu ɓarna, sai layi ya kai rabi, mota ta kusa cika, a rasa wa ke da wace kujera, a yi dambe. A nan ne za su tsallako wurina."

Hawa'u ta tsaya tana kallon titi. Mahaifinta kan ce mata kada ta tsaya ga inda sawu ya bi kawai, ta duba inda ya kauce. Wannan mai ɓarnar yana kauce wa fasinja. Yana so a ji kunya, amma ba ya so kowa ya kwana a tasha.

*

Ta koma ta zauna a benci kusa da gishe na ɗaya daidai lokacin da ake sayar da tikitin motar Ngaundere. Manhajar Yvette ce ke aiki, kuma ba laifi, tana da sauri. Ka faɗi suna, ta ba ka kujerar da ke biye, na bayanka ya matso.

Wani dattijon malami mai farin gemu ya karɓi tikitinsa, ya duba, ya sake dubawa.

"Madam Agnès, can baya? Kan taya? Kin san ƙafata."

"Malam, ba ni ba ce. Na'ura ce ke zaɓa yanzu."

"Jiya ƙanena ya tafi, ya ce kin sa shi gaba, kin raba shi da 'yan mata, kin haɗa masu goyo kusa da ƙofa. Ya ce kamar da."

"Jiya daban," in ji Agnès, ba ta ɗaga kai ba.

Malamin ya juya yana ƙunƙuni. Hawa'u ta ji yana tambayar wani mai lodi ina ne ofishin Madam Yvette, ko ita za ta taimaka. Ya wuce ta gaban gilashin Agnès bai ko yi mata sallama ba. Agnès ta bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ta kira na gaba.

Da layi ya ƙare, Hawa'u ta matsa.

"Da ke kike raba kujeru?"

"Tun Patron na da mota ɗaya." Muryar Agnès ta ɗan yi taushi. "Na san wanda ba ya zama kusa da surukinsa. Na san mai amai a hanya, na san matar da mijinta ba ya son a haɗa ta da namiji. Ta Ilyasu tana barina in zaɓa da hannuna. Da can, kafin mutum ya gai da Patron sai ya gaishe ni. Daga Tibati har kifi ake kawo mini."

"Yanzu fa?"

"Yanzu an ci gaba." Ta gyara takardun gabanta da ba su buƙatar gyara. "Ki wanke mini yarinyar nan, Madam. Ba ta da kowa a Garwa sai ni."

Hawa'u ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta. Zuciyarta ta yi nauyi, don ta fara ganin inda sawun ya nufa kuma ba ta so ya kai can.

*

Bayan la'asar ta zauna a ƙarƙashin dalbejiyar harabar tashar, ta ɗora manhajojin biyu a kan ƙaramar kwamfutarta. Ta tayar da ta Yvette, ƙofa ta buɗe. Sannan ta tayar da ta Ilyasu a kanta.

Tsohuwar ta zo, ta tarar da wata a ƙofar, ta janye ba hayaniya. Amma kafin ta fita sai ta yi abin da aka koya mata, ta share wurin zama. Ba ta tambayi ko wurin nata ne ba. Ƙofar Yvette ta ɓace. Hawa'u ta sake dannawa, a karo na biyu tsohuwar ta sami fili, ta kafa tata ƙofar ta zauna daram.

Ta maimaita har ta gamsu. Dannawa biyu ake buƙata, ta farko ta goge, ta biyu ta zauna. Ilyasu kuwa sau ɗaya yake dannawa yana karɓar tafi. Ke nan kullum akwai wanda ke riga shi.

Wannan bai isa ta tsaya gaban Alhaji ba. Ilyasu na iya dannawa a ɓoye, ranar Tibati kuma ya sa wani. Abin da take buƙata shi ne ta san wa ya san aikin dannawar farko. Ta rufe kwamfutar, ta je ta ce wa Alhaji gobe ya tara mata mutanen, ba a ofishinsa ba, a bayan gishe na ɗaya, kuma sai an fara sayar da tikitin Ngaundere.

*

Alhamis, layi ya kai har bakin titi. Raguna na kuka a kan motoci. A bayan gilashi, cikin ɗan wurin da bai fi tabarma biyu ba, Alhaji na zaune a kujerar da aka jawo masa, Ilyasu da Yvette na tsaye kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Maurice ya tsaya a bakin ƙofa, don Alhaji ya ce ƙafarsa ba za ta taka ciki ba. Agnès na aikinta, ta ba su baya.

"Ilyasu," in ji Hawa'u, "in aka danna koren maɓallinka alhali ta Yvette na aiki, me zai faru?"

"Ba komai. Za ta ga akwai wata, ta koma. Na faɗa miki tarbiyya gare ta."

"Ka tabbata?"

"Danna ki gani. Ni na rubuta ta."

"Yvette?"

"Ban sani ba. Bai taɓa bari na gani ba."

"Baba Alhaji?"

"Ni kike tambaya? Ki tambayi butar shayina."

"To bari mu gwada."

A lokacin wata tsohuwa ce a gaban gilashi, da jikarta riƙe da ita, za su asibitin Yawunde, dole su sami jirgin yau. Agnès ta shigar da sunan tsohuwar, tana cikin shigar da na jikar. Hawa'u ta miƙa hannu ta kan kafaɗarta, ta kama linzamin kwamfutar, ta kai shi kan koren maɓallin da ke can ƙasa a kusurwa.

Agnès ta cafke wuyan hannunta da ƙarfin da ba wanda ya zaci tana da shi.

"Kar ki danna! Ki bari in gama da tsohuwar nan. In kin danna yanzu komai zai tsaya, a raba ta da yarinyar!"

Duk suka juyo suka zuba mata ido.

"Wanda ya rubuta ta ya ce ba abin da zai faru," in ji Hawa'u a hankali. "Ke ta yaya kika sani, Madam?"

Agnès ta saki hannun, ta ƙarasa sunan jikar, ta fitar da tikiti biyu, ta miƙa wa tsohuwar da hannu biyu, ta yi mata fatan sauka lafiya. Sannan ta ce wa mai gishe na biyu ya karɓi layin, ta juyo da kujerarta.

"Na farkon kuskure ne," ta ce. "Hannuna ne ya saba. Na danna, komai ya tsaya, na tsorata. Sai Ilyasu ya zo ya dawo da tsohuwar, na ga kujeru sun dawo hannuna. Ranar nan har wata Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, Madam Agnès, ashe kina nan. Ashe ina nan! Ina zan je? Kullum ina nan, a bayan gilashin nan."

"Tanti..." in ji Yvette, sunan da take kiranta da shi, wato gwaggo.

"Ni na je Ngaundere na ɗauko ki. Ni na durƙusa wa Patron ya ba ki aiki. Ban san aikin da za ki yi shi ne ki mai da ni mai miƙa takarda ba. Ko sau ɗaya ba ki zauna kusa da ni kin tambaye ni yadda ake zaunar da mutane ba. Aka ba ki ɗaki mai sanyi. Mutanen da na sani tun suna goye suka koma neman ofishin Madam Yvette."

"Shi ya sa kike jira sai na fita wajen Maurice?"

"Don kada ki gyara kafin a kira Ilyasu. Da farko ke nan." Agnès ta dube ta ido cikin ido. "Daga baya na ji abin da ake faɗa a kanki. Na kare ki da bakina, kuma ba ƙarya nake ba. Amma in na koma gida na gan ki kin kasa cin abinci, wani abu a cikina yana jin daɗi. Ban so hakan ba, 'yata, amma haka ne."

Yvette ta dafa bango. Da a ce Ilyasu ne, da ta yi murna, da ta samu abin da za ta riƙa faɗa har tsufanta. Wannan kuwa ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Ilyasu ya buɗe baki, da alama zai ce shi dai an wanke shi, Hawa'u ta tare shi.

"Kai ma kada ka yi saurin murna. Taka na share wurin da ba nata ba. Kafin ta goge ƙofa, ya kamata ta duba ko ita ce ta kafa ta. Ke ma Yvette, na karanta taki: in ta tashi, duk ƙofar da ta tarar tana tumɓuke ta, ba ta ƙwanƙwasawa ta ji ko akwai mai amsawa a ciki. Ku sa musu makulli guda, wadda ta riƙe shi ita ce mai ƙofa, ɗayar ta koma ba ta taɓa komai ba. Aikin yini ɗaya ne. Da ɗayanku ya bar ɗaya ya leƙa aikinsa, da tun ranar farko kun gano, da ban baro Marwa ba."

Ba wanda ya dubi wani.

Alhaji ya daɗe yana murza carbi. "Yvette, na zalunce ki a gaban mutane, a gaban mutane zan wanke ki. Yau ɗin nan." Ya juya ga Agnès. "Ke kuma, ba jandarma, ba kowa. Ki zauna a gishenki, mu manta."

"A'a, Patron. Useko, ka yi haƙuri." Agnès ta cire makullin durowa daga wuyanta ta ajiye a kan tebur. "Kai za ka iya mantawa. Masu lodi ba za su manta ba, ni ma haka."

*

Juma'a da hantsi Hawa'u na zaune a benci tana jiran motar Marwa. Alhaji ya cika alkawari, ya tara tasha ya wanke Yvette, kuma mutanen da suka rantse ita ce yanzu suna rantsuwa cewa su dama ba su taɓa yarda ba. Ba a sami wanda zai zauna a gishe na ɗaya ba, don haka Yvette ce da kanta a bayan gilashin.

Agnès ta shigo da akwati biyu da ƙullin tukwane. Ba ta zagaya ta ƙofar ma'aikata ba. Ta bi layi kamar kowa, tana matsawa a hankali har ta iso gaba.

"Ngaundere. Mutum ɗaya."

"Tanti, don Allah ki tsaya mu yi magana."

"Makullin ɗaki na wajen maƙwabciya. Na bar miki katifa da murhu. Akwai mutane a bayana, 'yata."

Yvette ta shigar da sunan. Na'ura ta ba da kujerar da ke biye: layin ƙarshe, kan taya, tsakanin samari biyu masu zuwa kasuwa. Yvette ta san ciwon bayan Agnès, ita ke shafa mata man zafi a gida. Ta danna nan, ta danna can, ta koma baya, ta sake shigar da sunan. Kujerar dai ita ce. Akwai gurbi a gaba kusa da taga, tana ganinsa a fuskar kwamfutar, amma ba ta bar wa kowa hanyar zaɓa ba lokacin da ta rubuta manhajar, har da kanta.

"Tanti, ki jira kaɗan, zan shiga ciki in canza, ba zai daɗe ba..."

"Ba a tsayar da layi," in ji Agnès.

Ta zura hannu ta ƙasan gilashin ta zare tikitin, ta duba lambar, ta ninke shi ta sa a jaka. Hawa'u ta ga ta nufi motar, ta hau, ta wuce kujerun gaba ɗaya bayan ɗaya har can ƙarshe. Yvette na tsaye a bayan gilashi hawaye na zuba, na gaba a layi kuma ya riga ya fara faɗa mata sunansa.